Rasuwar Lanƙwasa, Tsumagiyar da Aka Miƙe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ni da damar faɗa a gida, ni Mushe Ɗan Azumi (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), ƙaramin malami a lakwal, wato makarantar boko, ta Madarumfa, nake sanar da rasuwar abokiyar aikina Lanƙwasa, tsumagiyar tsamiya, wadda ajali ya riska ranar Laraba, ana shirin girbin 1955.

An yanko marigayiya a bakin tafki. Na jiƙa ta, na ɗaure ta da tsirkiya kamar baka, na bar ta damina guda a rufin ɗaki har ta koyi rusunawa. Tun da sanƙarau ya kayar da ni ya bar mini rawar hannu, ita ce hannuna. Miƙaƙƙen layi ba ya ba ni wahala, kowane guntun katako zai ja shi. Amma jarrabawar zama cikakken malami, wadda zan zauna a Yamai mako mai zuwa, lanƙwasasshen layi take nema, kuma shekaruna ba za su bari in sake zama ba.

Ga wanda bai san aikinta ba: a aljabra, in aka raba ɗaya da wani adadi, adadin na ƙaruwa amsar na ƙanƙancewa, tana neman sifiri ba ta kai ba. In adadin ne ya matso sifiri, amsar ta harba sama. Zanen wannan lissafi layi ne mai gangarowa ya bi gefen wani miƙaƙƙen layi da ake kira asimtot, kullum yana matsarsa, har abada ba ya taɓa shi. In hannu ya yi rawa ya taɓa, mai gyaran jarrabawa zai ja jar tawada ya wuce. Lanƙwasa ba ta taɓa bari alƙalamina ya yi wannan abin kunya ba. In na ja tsirkiyarta takan ce "ƙiiƙ", in na sassauta ta ce "tsss", ban da wannan ba a taɓa jin bakinta ba.

Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, da rana tsaka, kuma da kyakkyawar niyya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Surukina, mahaifin matata Balaraba, maharbi ne daga Gabi, ba na iya kiran sunansa ko a takarda. Ya zo gaishe mu ina lakwal. Mutum ne da bai taɓa ganin kyauron kibiya a karkace ya wuce ba. Ya hango Lanƙwasa a rataye, ya kwance tsirkiya, ya shafa mata man gyaɗa, ya zauna bakin murhu yana gasa ta yana dannawa a gwiwa, yana kanne ido ɗaya. Balaraba tana nan, ita ta ƙara masa garwashi!

Na dawo ya miƙo mini ita sambal. Ya ce, "Mushe, ashe da wagga karkatattar abu kake koya wa ɗiyan mutane? Ba ka faɗi ba? Ga ta, ko Nasara ba shi da irinta."

Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma." Da bakina na faɗa. Da na shiga ɗaki na gwada tanƙwara ta kaɗan, sai ta ce "ƙas", ta tsage, Baba bai sani ba. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ta bar tsirkiya ɗaya marainiya, da kwalbar tawada, da katakon jan layi wanda bai taɓa ƙaunarta ba, da ni. Masu cewa in yanko wata, ina tambayarku: wace damina zan jiƙa ta a ciki kafin Litinin? Masu cewa ai sanda ce kawai, ku riƙe gaisuwarku, ba na so. Na kwana biyu ina gwada zanen da hannu, layin yana tsallake asimtot yana dawowa kamar akuya a kan iyakar gona.

Game da jana'iza, ba za a yi ta a Madarumfa ba, domin Baba ya ɗaga komawarsa Gabi. Ya rantse sai ya raka ni Maraɗi, ya ga na shiga mota da marigayiya a hannu, ya kuma gaya wa mutanen kasuwa cewa in na ci jarrabawa aikinsa ne. Saboda haka gawa za ta bi ni. In mun wuce Madawa, inda ba wanda ya san ni, zan roƙi direba ya tsaya, in tona rami a gindin tsamiya in rufe ta, in faɗi duk abin da na haɗiye.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar lakwal bayan na dawo. Kada kowa ya tambaye ni yadda jarrabawa ta kasance a gaban Baba, domin ko me aka samu, sai na sake durƙusawa na gode masa.