Ranar da Na Tace Man Kat-kat

Shekarar da aka fara Shari'a aka rufe gidan giyar da ke bayan garejina a Jibiya, na gaji wata tsohuwar lasifika. Na cire maganaɗisunta na ajiye.

Ran nan wani Alhaji ɗan Maraɗi ya tsallako iyaka da sabuwar kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, zai je gaida surukai a Daddara. Dubawa kawai ya ce in yi. Na kwance wani akwati a ƙarƙashinta, sai ga man da ke ciki baƙi ƙirin, cike da garin ƙarfe.

Na ce, "Alhaji, Allah ya so ka. Motarka cin kanta take yi."

Na yi ta zagaya maganaɗisu cikin man har ya yi garau, 'yan dako na kewaye da ni suna jinjina. Na ɗaga dunƙulen ƙarfen sama, kamar likita ya ciro ƙari. Na mayar da man cikin akwatin, Alhaji ya kama hanya.

Kafin la'asar motar ta kafe a rairayin gulbi, ƙafafun gaba na ta haƙa, na baya ko motsi. Shanun huɗa suka jawo ta, surukai na kallo.

Da Alhaji ya dawo, wani makanike a Maraɗi ya riga ya yi masa bayani. Ashe da gangan aka zuba garin ƙarfen tun daga kamfani. In lantarki ya bi ta ciki, shi ke daskarar da man ya kama ƙafafun baya.

Ya ce, "Malam, mi ta yi maka?"

Har yau in na tauna tsakuwa a shinkafa, sai matata ta ce, "Haɗiye, Injiniya, ƙila da gangan aka zuba."