Turaren Ilu Mai Kama Gemu

Duk wanda ya taɓa kai hularsa wanki a bakin kasuwar Haɗeja ya san Ilu, in bai san fuskarsa ba to ya san bakinsa. Wankin hula kam ya iya, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma kafin ya miƙo maka hularka sai ka sha labari har kunnenka ya yi zafi. Shi ne ya ƙetare kogi da iyo, da buhun gero a ka. Shi ne kura ta hango ta canza hanya. Ranar da aka yi masa kaciya ma, in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba, wanzamin ne ya fashe da kuka.

Babbar ƙaryarsa dai a haɓarsa take rataye. Ilu ya ba sittin baya tuntuni, amma gemunsa baƙi wuluk har da sheƙi, albarkacin wani rini na ƙulli da yake saya a ɓoye a bakin tasha. Da yake ba a garin aka haife shi ba, babu mai ƙaryata shi in ya ce bana ya shiga arba'in. Mu dai mukan ce masa to, mu karɓi hularmu mu yi gaba.

Ana nan sai ya ƙyalla ido ya ga Zulai, wata bazawara mai haɗa humra da turaren wuta, sana'ar da ta gada wurin mahaifiyarta Babarbariya. A nan fa babu ƙarya, son gaske Ilu ya kamu da shi. Tun da matarsa ta rasu ya gaji da tuwon saye, ya gaji da yin hira da huluna. Zulai ma ba ta ƙi ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: ta yi jinyar tsohon miji har Allah ya karɓi abinsa, ba za ta ƙara auren sa'an babanta ba. Ilu ya shafa gemu ya ce ai shi ma bai son zama da tsofaffi, sun cika tari.

Magana ta rage ga waliyyinta, ƙanin mahaifinta, Baffa Haladu, wanda ya daɗe yana fatauci a Kamaru. An ce zai zo sunan jaririn da aka haifa wa yayan Zulai, kuma a nan zai ga mai neman 'yarsa, ya ce e ko a'a.

Wani yammaci suna zance a zaure, Zulai ta ce mata yanzu sun koma son turaren fesawa, na ɗaki da na jiki, ita kuma tana ta tunanin abin da za ta riƙa tsinka man turarenta da shi. Ta ji masu yi suna cewa sifirit marar wari ya fi, don yana haɗe man, yana bushewa nan take, ba ya ɓata tufafi.

Ilu ya zabura kamar ya taka garwashi. Ya ce sifirit ƙanin giya ne, shi ko a hanya ya gamu da shi sai ya sake alwala. Ya yi wa'azi mai tsawo har da girgiza kai. Gaskiyar maganar kuwa, wata Juma'a ce wani bawan Allah mai neman lada ya fesa masa irin turaren a gemu a ƙofar masallaci. Kafin a tayar da salla baƙin rini ya gangaro masa har wuyan riga, sai da ya rufe haɓa da hannun riga ya sulale gida. Tun ranar ya zama malami a kan haramcin sifirit.

Da ya tsaya a nan da ya tsira. Amma bakin Ilu ba shi da birki. Ya ce shi ai wani Balarabe ya taɓa koya masa wani ruwan sirri da ake tsinka turare da shi, ba sifirit ba, ba mai ba. In aka fesa wa mutum ranar suna, ƙamshin yana nan har a yaye yaron.

Zulai ta yi murmushi, ta shiga gida ta fito da 'yar kwalbar man turarenta mafi kyau, ta ajiye a gabansa.

"To Malam Ilu, ranar suna kai za ka fesa wa maza. Baffa mutum ne mai son ƙamshi."

Ilu ya karɓa yana cewa wannan ai ƙaramin aiki ne. Yana fita ya dafe kai, don Balaraben da ya taɓa gani a rayuwarsa a jikin kalanda yake.

Ya fara da ruwan randa. Man ya taso sama ya yi ido-ido, ya ƙi haɗuwa. Ya girgiza har kafaɗarsa ta ƙage, yana ajiyewa suka sake rabuwa kamar an yi musu saki uku. Ya koma man gyaɗa. Wannan ya haɗu, amma da ya gwada a hular wani ɗan kasuwa sai ta yi tabo shirim, ga wani ƙamshi rabi Makka rabi kaskon ƙosai. Kyanwar maƙwabta ta wuni tana bin sa.

Suna ya matso, man turare ya yi rabi, Ilu ya zauna ya yi tagumi a cikin hulunansa. Can idonsa ya faɗa kan ƙwaryar ƙaron da yake jiƙawa don hula ta tsaya ƙyam. Ya dubi ƙwarya, ƙwarya ta dube shi. Ƙaro ne ke riƙe tawada a jikin allo. Ƙaro ne ke riƙe hula ta yi wata ba ta langaɓe ba. To me zai hana shi riƙe ƙamshi?

Ya jiƙa ƙaro mai kyau na Nguru har ya yi kauri kamar koko, ya tace, ya juye man, ya kaɗa. Ikon Allah, sai ga shi sun haɗe sun yi fari tas kamar kindirmo, babu ido ko ɗaya. Ilu ya miƙe ya taka rawa shi kaɗai a shago. Ya gwada a kan wata tsohuwar hula, ta kwana, ta sake kwana, ƙamshi yana nan daram. Da bakin kwalbar fesawa ya toshe, sai ya samo gorar fesa ruwa irin ta masu aski, ya faɗaɗa hudar da basilla. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai gwada a jikin ɗan Adam ba. A ganinsa mutum da hula duk ɗaya ne, tun da a kan juna suke zama.

Ranar suna da hantsi ƙofar gida ta cika, tabarmi har bakin titi, ana ta rabon goro da dabino. Ilu ya iso cikin farar shadda, gemu ya sha sabon rini, gora a hammata an naɗe ta da ƙyallen alharini. Aka nuna masa Baffa Haladu a tabarmar dattawa, kusa da liman.

Kallo ɗaya ya yi masa ya gane shi. Wannan ai Haladu ne, ɗan ƙaramin yaron nan da aka kawo riƙo gidan kakanninsa a ƙauyensu Ilu, can wajen Auyo. Ga shi yanzu furfura fari fat, har da sanda. Ilu ya jawo hula ta rufe gira, ya durƙusa, ya siranta murya ya kwashi gaisuwa.

Baffa ya dafa kansa ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka. Kai ne mai turaren?"

Yaro! Daɗi ya kashe Ilu har kunnuwansa suka motsa. Tsoro ya gudu, baki ya dawo. Ya miƙe ya warware gora, ya sanar da jama'a cewa abin da ke ciki babu ɗigon sifirit, sirri ne daga ƙasa mai tsarki, sarakuna ma sai da alfarma suke samu. Ya bi sahu. Fiss a tafin dama, fiss a tafin hagu, fiss a gemu. Liman ya samu ninki saboda girmansa. Baffa Haladu kuwa sai da ya ce ya isa haka. Ƙamshi ya tashi ya game unguwa, don man Zulai ba na wasa ba ne. Mutane suka yi ta sa albarka, har da masu miƙo hannu a ƙara musu. Abin da ya rage a gorar, Ilu ya juye wa kansa, ya cuɗa a hannu, ya cusa a gemu har ya jiƙe sharkaf.

Aka raɗa suna, liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Limamin nan kuwa in ya kama addu'a sai ya zaga da ita kan jariri, da iyaye, da kakanni, da damina, da matafiya na tudu da na ruwa. Ranar bazara ta fara dukan tabarmi, iska mai zafi tana bi ta tafukan da aka shanya mata. Ilu yana jin yatsunsa suna ɗan kama juna, ya ce a ransa alamar turare mai kyau ke nan.

Liman ya ce a shafa.

Aka shafa. Hannuwa suka sauko daga goshi, suka bi kumatu, suka iso gemu, suka tsaya cak.

Kowa yana satar kallon na kusa da shi, kowa yana riƙe da haɓa kamar an tara masu ciwon haƙori. Liman ya ja hannu a hankali, gemu ya biyo. Ya ƙara ja, ya ce wash. Marasa gemu suka fara dariya, sai suka tarar su ma ba su tsira ba: wani goro ya manne masa a tafi, wani carbi, wani ya dafa tabarma zai tashi ta taso tare da shi. Akwai wasu maƙwabta biyu da suka shekara ba sa ga maciji saboda rigimar magudanar ruwa. Kunyar idon liman ta sa suka yi musabaha a gurguje, sai ga su hannu cikin hannu, kowa ya kau da kai gefe, an rasa mai sakin wani.

Ilu kuwa hannu biyu ne suka nutse cikin gemu har wuyan hannu. Duk da haka bakin bai mutu ba. Ta tsakanin yatsu ya ce jama'a su kwantar da hankali, haka na asali yake, sai ya kama mutum tukuna kafin ya zauna.

Wani tsohon malamin allo ya lashi tafinsa, ya ɗanɗana, ya ce wannan sirrin na ƙasa mai tsarki dai shi da irinsa yake haɗa tawada tun yana saurayi.

Dariya ta ɓarke har cikin gida. Mata suka cika zaure suna leƙe. Aka fito da butocin ruwan zafi da sabulu da kwanoni, kowa ya duƙa yana ƙwatar gemunsa. Da Ilu ya ga tururi na tashi, sai ya tuna da rinin gemunsa. Ya ce shi a bar shi, zai wanke a gida. Ya yunƙura zai tashi, amma mutumin da hannuwansa biyu ke haɓa ba ya tashi daga tabarma da babbar riga. Ya koma daɓas.

Baffa Haladu, wanda ya riga ya kuɓuta, mutum ne mai tausayi. Ya ce kada a yi wa yaro dariya, niyyarsa mai kyau ce, kuskure kuwa na ƙuruciya ne. Ya jawo kwano da kansa, ya kama ƙeyar Ilu, ya tsiyaya ruwan zafi, ya saɓa sabulu, ya shiga cuɗawa. Ilu yana ta "Baba bar shi, Baba na gode," Baffa yana ta "Tsaya mana, ɗana."

Ruwan kwano ya yi toka-toka, ya koma baƙi ƙirin kamar na marina. Hannun dama ya fita. Gefen gemun da ya fito tare da shi fari ne sol, ya fi na Baffa haske.

Baffa ya dakata da cuɗa. Ya ture hular baya, ya karkata kai, ya ƙura wa farin gefen ido.

"Iliya? Iliya na gidan maƙera?"

Ilu ya ce da siririyar murya bai san shi ba.

"Kai ne mana! Jama'a, yayana ne wannan. Ɗaki ɗaya aka kwantar da mu lokacin kaciya, shi ne babbanmu. Sai da ƙartin unguwa suka sauko da shi daga kan rumbu, ihunsa kuwa har kasuwar Auyo." Ya matsa gefe ya buga tabarmar dattawa da tafi. "Taso nan, Yaya, wurinka ne. Ka bar ni ina ta ce maka yaro."

Ilu yana nan zaune, rabin gemu fari, rabi baƙi, hannun hagu har yanzu a manne, baƙin ruwa yana ɗiga kan farar shadda, sai labulen zaure ya motsa. Zulai ta fito lulluɓe da mayafi, ta zo gabansa, ta durƙusa har ƙasa cikin ladabi, ta sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Baba."