Ranar da Na Kori Koci Sale

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na zama mai kulob a Lajawa. Laifin attajirin nan ne ɗan Rasha, wanda ya sayi ƙungiyar da nake goyon baya a Ingila. Allah Ya sani ina ƙaunar mutumin. An ce maraya ya tashi, ya yi arziki a harkar mai, ga shi ba ya surutu. Yana zaune can sama ya harɗe hannu, in aka ci ƙungiyarsa ya kori koci, a kawo wani.

To ni ma, da yake tela ne ni, da ɗinkin sallah ya yi albarka, sai na saya wa ƙungiyar unguwarmu riguna da ƙwallo sabuwa fil. Tun daga ranar samari suke kirana Mai Kulob, ni kuwa kai ya kumbura. Har gemu na bari ya ɗan tofo irin nasa (matata ta tambaye ni ko kuɗin aski ne ya gagara).

Kocinmu Yaya Sale ne, manomi, wanda ya goya ni ina yaro. Aka ci mu wasa ɗaya tak, na tara 'yan wasa na ce, "Yaya Sale, hukumar kulob ta gode maka, amma ta sallame ka." (Hukumar ni kaɗai ne.) Ya yi murmushi ya ce, "To, Mai Kulob, Allah Ya taimaka." Ya hau kekensa.

Abin da ban sani ba shi ne, da damina samarin nan ba sa barin gona sai Yaya Sale ya bi gida-gida ya roƙi iyayensu. Ni a zatona riga ce take kawo ɗan wasa.

Ranar karawarmu da ƙungiyar garin Achika na ci farar shadda, na sa tabarau, na kafa kujera a bakin fili na harɗe hannu. Mutanen Achika suka sauko daga a-kori-kura har da makaɗi. Namu ko mutum ɗaya babu, kuma alƙalin wasa ya ce in ba su zo ba zai ba Achika nasara. Da wace fuska zan shiga gari?

Na ruga gonar Yaya Sale, 'yan Achika suka biyo ni kallo. Ga 'yan wasana kaf suna yi masa gayyar noma! Na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah ka rufa mini asiri."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ai an kore ni, ƙanena. Amma ga fartanya can, in mun gama da wuri sai mu gani."

Haka na duƙa cikin dawa da farar shadda, makaɗin Achika yana yi mini kiɗan noma, jama'a na ihu, "Sai Mai Kulob!" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da muka gama ya kakkaɓe mini ƙasa a kafaɗa da hannunsa, ya jagoranci samari zuwa fili, bai ƙara tayar da maganar ba har yau. Darasin da na koya shi ne, kafin ka kwaikwayi attajiri wajen korar mutum, ka tabbata ba kai za ka yi masa noma da yamma ba.