Dikodar Malam Bisa-Ƙa'ida

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar kamun kai a wannan ma'aikata, to a fara da shugaban sashen gudanarwa, a kuma rufe da shi, sauran a ba su haƙuri. Mutum ne da ko atishawa ba ya yi sai ya tabbatar dokar aiki ta yarda. Kwat ɗinsa ba ta san lanƙwasa ba, takalminsa kuwa sai ka duba fuskarka a ciki. Ma'aikata suna kiransa Bisa-Ƙa'ida, don ba ya buɗe baki ya rufe bai faɗi kalmar ba. Ya san da sunan, kuma a wurinsa yabo ne.

Kujerar mataimakin darakta ta daɗe babu kowa a kanta, can a hawa na sama. Bisa-Ƙa'ida bai taɓa cewa yana so ba, Allah ya kiyaye. Kawai dai duk safiya sai ya hau ya leƙa ko an share ɗakin, ya gyara labule, ya sauko yana gyaran murya. Kowa ya san ranar da kwamitin amintattu zai zauna a kan maganar kujerar nan, abin da zai kai gabansu shi ne sunansa na mutumin da bai san wasa ba.

Sai dai bawan Allah yana da wani ciwo da ko likitansa bai sani ba. Bara, da zazzaɓi ya kwantar da shi a gida, matarsa takan kunna wani wasan kwaikwayo na ƙasar waje da rana tsaka. Labarin wani likita ne da ya yi haɗarin mota ya manta da matarsa, ita kuma ta kama aikin shara a asibitinsa don kawai ta riƙa ganinsa. Bisa-Ƙa'ida ya kalli kashi na farko ta saman jarida yana tsaki. A na biyu jaridar ta sauko ƙirji. Kafin zazzaɓi ya sake shi, wasan ya kama shi, kamun da babu allurarsa. Ga shi tashar ba ta maimaitawa da yamma. Tun da ya koma aiki, sai dai idan ya dawo gida ya cire safa ya ce, "To, shirmen nan naku, yau kuma wace ƙarya suka yi muku?" Matar tana sane da shi sarai. Sai ta ba shi rabin labari, ta ce tukunya na kan wuta.

Wannan azaba ce ta haifar da kishin ma'aikata. A taron shugabannin sassa ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat, ya ce:

"Ranki ya daɗe, bisa ƙa'ida, ma'aikatar da ba ta ganin labaran duniya a kan lokaci tana tafiya ne a cikin duhu. Farashin mai zai tashi a wata nahiya, mu muna nan ba mu da labari. Ina ba da shawarar a ɗora mana dish a kan ginin nan, ba don kowa ba sai don wayewar ƙananan ma'aikata."

Darakta, dattijuwa ce mai ƙarancin magana, ta dube shi ta saman tabarau ta ce a yi, kuma shi zai kula da aikin.

Ranar da masu haɗawa suka zo da tsani da naɗin waya da ƙaton faifan ƙarfe, Bisa-Ƙa'ida ya sanar cewa da kansa zai hau rufi ya sa ido. Ya taka tsanin, ya ƙara takawa, ya waiwaya ƙasa, sai ya tuna cewa shugaba na gari daga nesa yake hango aiki. Ya sauko ya tsaya a wurin ajiye motoci, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana kare rana.

"Ku karkata shi dama! Dama na ce! Ai ga tauraron can, ni ina ganin saitinsa daga nan!"

Na kan rufi ba sa ko jin sa, iska na kwashe maganar. Suka juya faifan yadda na'urarsu ta nuna, suka ɗaure ƙusoshi. Da hoto ya fito tar, sai ya juya ga maigadi ya ce, "Ka gani ko? Da sun bi nasu, da har gobe muna nan."

Daga nan aka zo maganar dikoda, akwatin da ke zaɓar tasha. Babban mai haɗawa ya ce hanya biyu ce: ko kowace talabijin da tata, ko a sa guda ɗaya a raba wa duka, ta ɗakin jiran baƙi, ta kantin ma'aikata, ta babban zauren akawu, da ta ofishin darakta. "Amma yallaɓai, in ɗaya ce, duk abin da mai rimot ya kunna shi kowa zai gani."

Idanun Bisa-Ƙa'ida suka yi ƙyalli. Gini guda, ido sama da ɗari, duk a ƙarƙashin babban yatsansa! Nan take ya manta da likita da mai shara, mulki ya rufe masa ido.

"Guda ɗaya. A ofishina."

Aka huda bango, aka ja wayoyi, aka ajiye akwatin a kan kabad ɗinsa. Ya sa aka ɗinka wa rimot riga ta leda. Ya tara ma'aikata a ɗakin jira ya yi musu jawabin buɗewa:

"Wannan na'ura ta ilimi ce. Ba a kawo ta don ƙwallo ba, ba don kiɗa ba, balle waɗannan wasannin hawaye da ke lalata ƙwaƙwalwar mata da marasa aikin yi. Muddin ina numfashi a ginin nan, labarai za a kalla."

Aka tafa masa, tafi irin na mutanen da ke son komawa wurin zamansu.

Washegari da rana ya rufe ƙofa, ya sassauta tayen wuyansa, ya ɗauki rimot yana murmushi. Yatsansa na kan maɓalli sai maganar mai haɗawa ta dawo masa: shi kowa zai gani. Ya ajiye rimot a hankali kamar ya ɗauki garwashi. Ranar ya kalli rahoton noman alkama a wata ƙasa mai sanyi, daga farko har ƙarshe, zuciyarsa na can asibiti.

Haka aka ɗauki makonni. Ma'aikata suka daina ɗaga kai su kalli bango, kowa ya koma wayarsa. Mutum ɗaya tak ya rage yana kallon labaran duniya a ginin, shi ma da baƙin ciki yake kallo. Har rama ya yi. Masu wucewa ta ƙofarsa suna jin muryar mai karanta labarai, suna cewa kai, Malam akwai son ilimi.

Sai ga matarsa wata safiya, tana zuba masa shayi, ta ce yau ne kashin ƙarshe. Ko likita ya tuna, ko shi ke nan.

Ya iso ofis da shiri. Darakta ta tafi taro a waje, motarta ba ta nan, ofishinta a kulle. Kafin rana ta take, ya bi ginin ɗaki ɗaki yana zare soket da hannunsa.

"Na lura kallo ya fara cin lokacin aiki. Bisa ƙa'ida, yau ranar hutun talabijin ce."

Ya koma ya murɗa makulli, ya ja labule, ya rage murya, ya danna. Ga asibitin nan, ga tsintsiyar, ga baiwar Allah ta rame kamar shi. Likita ya tsaya a gabanta yana kallon zoben hannunta. Kiɗa ya yi ƙasa. Bisa-Ƙa'ida ya matso bakin kujera, ya cusa gefen taye a baki, hawaye na bin kumatunsa ba tare da izini ba. Likita ya buɗe baki zai yi magana.

Ƙwan-ƙwan-ƙwan!

Yatsan da ya saba da tsoro bai jira umarni ba. Tasha ta koma kan farashin alkama. Ya goge fuska, ya buɗe ƙofa da fuskar shanu. Masinja ne, yana haki.

"Yallaɓai, Hajiya Darakta ce ta ce don Allah kada ka taɓa, ka bar shi a nan."

Ashe an ɗage taron. Darakta ta dawo ta ƙofar baya tare da dattawa biyu na kwamitin amintattu, don su tattauna maganar kujera, suka tarar da talabijin ɗinta a kunne, ita kaɗai ce bai samu zarewa ba. Bisa-Ƙa'ida ya yi tsalle ya koma kan rimot. Sunayen 'yan wasa ne ke hawa sama.

Masinja ya sake dawowa: ana kiransa.

A kan matakala ya shirya bayani mai kyau. Iska ce ta juya dish, tashoshi suka cakuɗe, zai hukunta masu haɗawa. Ya shiga da sallama, ya tarar da ɗaya dattijon riƙe da hankici, ɗayan ya haɗa rai kamar an ƙwace masa abinci. Darakta ba ta ko ce ya zauna ba.

"Malam, ya tuna ta ko bai tuna ba?"

Bayanin iska ya bi iska.

"Wallahi Hajiya ni ma ban gani ba!" Muryarsa ta karye a tsakiya. "Kuma yarinyar nan ta sha wahala, tun ranar da uwarsa ta kore ta, ga ciki, ga..."

Dattijo mai hankici ya miƙa masa hankicin.

Kwamiti bai yi masa rowa ba. Kujerar dai aka ba shugaban sashen kuɗi, wani matashi mai dariya da ƙarfi, amma aka ce ƙwarewa irin ta Malam ba a barin ta ta lalace. Aka ja waya ɗaya ƙari daga hawa na sama zuwa ofishinsa, aka liƙa ƙararrawa daidai saman kabad. In ta yi ƙara, a canja tasha. Darakta ba ta cika dannawa ba, sai lokacin sabon wasan da aka fara. Sabon mataimakin ne matsalar: mutumin ƙwallo ne, kuma yatsansa ba ya gajiya.