Rasuwar Tsohuwa, Yis ɗin Gidan Dabire

Da zuciya mai nauyi da maƙogwaro busasshe, ni Malam Anise Dabire, tsohon malamin firamare a Dano, a madadin matata Rozali, nake sanar da 'yan uwa da masu zaman bencinmu rasuwar Tsohuwa, wato yis ɗin da ke tayar da dolon gidan nan, burkutunmu na dawa.

Marigayiya ta zo cikin kayan auren Rozali, manne a jikin wata baƙar ƙwarya da ba a taɓa wankewa ba tun zamanin kakarta. Ba ta da kyan gani, warinta kuma ba na shiga coci ba ne. Amma ta san aikinta. A jiƙa jar dawa ta tsira, a niƙa, a dafa, a tace, a bari ya huce, sai a kankaro kaɗan daga jikinta a zuba. Da safe za ka ji ta a randa tana cewa "fus, fus", can kuma "ɓul". Duk koyarwar da na yi, ita kaɗai na gani tana fara aiki ba a yi mata tsawa ba. Ba ta taɓa sa wa kowa ciwon kai ba. Wanda ya sha ya faɗa kwata, ƙafarsa ce ba ta da tarbiyya.

Ajali ya zo ta hannun surukarmu Blandin, ma'aikaciyar jinya a Bobo, yarinyar kirki mai son tsabta. Ta zo hutu, ta ga ƙwaryar a rataye, tausayi ya kama ta. Ta tafasa ruwa, ta sa sabulu da soson ƙarfe, ta kawo ta tana ƙyalli.

"Mama, dubi! Ashe har zane gare ta."

Rozali ta zauna a ƙasa. Ta ce, "'Yata, kin wanke kakata."

Ina roƙon kada kowa ya zagi Blandin. Kukan da ta yi ya isa.

An nemi magani. Ƙanena Fidel ya kawo yis na burodi daga kanti, yana cewa, "Haba Yaya, yis ai yis ne." Aka gwada a ƙaramar tukunya. Shi ya fara kurɓa, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a yanka masa a haɗo da shayi.

Yanzu ga randuna cike da ruwan dolon bikin girbi. In bai samu yis ba kafin gobe da yamma, na aladu ne, kuma Rozali ta riga ta yi wa unguwa alkawari.

Marigayiya ta bar randuna, da benci, da ƙudaje masu yawa. Ta kuma bar 'ya guda a gidan maƙwabciyarmu Odil, wadda Rozali ta kankaro mata lokacin suna shiri, kafin maganar akuyar nan da ba zan tayar ba. Kun sani a garin nan ba a sayen yis, roƙo ake yi, kuma mai randa ce ke roƙa da bakinta. Duk da haka na je.

Odil ta ce, "Malam, kai ne kake dafawa yanzu? Koma ka turo mai bakin."

Rozali ta ce, "Ni? Gara in ba su kunu."

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a gindin kaɗanyar bayan gari. Mai karanta wa Rozali wannan sanarwa ya tsaya a nan.

Ba za a bi gajeriyar hanya ba, ta ƙofar Odil za a bi. Rozali za ta shige gaba riƙe da sabuwar ƙwarya, na gaya mata haka ake yi wa manyan mamata. An umurci masu ɗaukar gawa su gaji daidai ƙofar, su sauke, kada kuma su tashi. Makaɗa su yi shiru. Jama'a su kalli sama. Za a tsaya har sai ɗayarsu, Rozali ko Odil, ta buɗe baki.

Kowa ya zo da hula da kujerarsa. Na san su duka biyun.