Randa a Kan Sikelin Mai Sayen Ƙarfe

Labari ya bazu cikin dangi cewa ranar Talata an ga keken Randa yana gangarowa daga kan dutse shi kaɗai, ba kowa a kai, yana taka kansa, har yana buga ƙararrawa. Wai mata suka watsar da bokitai suna salati, sai da wani mai tabarau ya matsa ya ƙura ido, sannan ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, akwai mutum a kai, sirdi ne ya kare shi."

To, ƙarya ce tsagwaronta. Keken Randa ko ƙararrawa ba shi da ita. Kuma ranar Talata ba a kansa ya sauko ba, turo shi ya yi yana haki. Wanda ya ƙera labarin kuwa ba sai an yi bincike ba: Tsinke ne, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda tun suna yara ya laƙaba masa Randa saboda ƙiba, shi kuma ya rama da Tsinke saboda rama.

Gaskiyar magana ba ta da ban dariya. Shekara goma sha biyu Randa ke hawa dutsen nan kowace safiya da kekensa mai manyan tayoyi, ya buɗe tankin da ke ba unguwanni ruwa. Bara ciwon suga ya kama shi, ya zuge shi kamar an kwance bakin buhu. Riga biyu yake sawa yanzu, bel ɗinsa kuwa sau huɗu yana ƙara masa huda da ƙusa. Sannan fok ɗin keken, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba yana shanye gargada, ya daina lotsawa. Duk dutsen da taya ta taka, a wuyan hannunsa yake jin sa, har yatsunsa su mutu ya kasa matsa birki. Sau uku ruwa yana makara. Shugabansa ya ce masa in aka yi na huɗu, ya kawo mukullin tanki ya je ya huta.

Shi ya sa ya kai keken shagon makaniki, don a canja fok. Yana tsugune yana kallon waɗanda aka rataye a bango sai ya ji muryar da ba ya son ji.

"...da gajiya, da iyali? Makaniki, sannu da aiki. Don Allah ba ka ga Randa ba? An ce mini ya shigo nan."

"Ga ni a gabanka, makaho."

"Innalillahi! Na zaci famfon keke ne aka jingine. Ina sauranka?"

"Yana gidanku. Gwaggonka ta aiko da shi a raba muku, ko kwa yi kama da mutane."

"Ba mu gani ba. Ko dai a hanya ka zubar?"

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da can in na yi atishawa sai an nemo ka a bayan gari."

Makaniki, wanda ya saba da su, ya sauko da fok biyu ya shimfiɗa a kan kwali. Ya ce wannan baƙin mai sifirin ne a ciki, sifirin mai tauri, irin wanda ya sa wa keken tun farko. Wannan farin kuwa iska ake hura masa da ɗan ƙaramin famfo, daidai nauyin mai hawa.

Randa bai ko kalli farin ba. "Ba ni irin nawa. Mai tauri."

Makaniki ya sosa ƙeya. "Naka fa lafiyarsa ƙalau. Na kwance shi, na duba, na sa masa mai. Ba abin da ya same shi."

"To me ya hana shi lotsawa?"

Tsinke ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. "Ni na sani! Jiran mai keken yake yi ya hau."

"Rufe mini baki, igiyar shanya."

"Wallahi tausayin keken nan nake ji. Shekara goma sha biyu yana kuka a ƙarƙashinka, yanzu kuma maraici ya kama shi. Jiya na ji yana tambayar jakin maƙwabta ko ya ga ubangidansa."

"Komai ramar giwa ta fi kwando goma."

"Giwar da yanzu akuya ke ce wa matsa in wuce?"

Makaniki ya ce, "Nauyinka nawa yanzu? Da shi zan yi aiki."

"Ɗari da goma," in ji Randa, ko ƙiftawa bai yi ba.

Tsinke ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya riƙe ciki. "Ɗari da goma! Da keken, da makaniki, da shagon?"

"Na ɗan faɗa, ban ƙi ba. A ce ɗari."

"A ce ɗari, in an haɗa da zunubanka."

Makaniki bai yi musu ba. Ya nuna masa wani zoben roba da ke jikin ƙafar fok ɗin, ya tura shi ƙasa. Ya ce in mutum ya hau, fok zai lotsa, zoben ya matsa sama ya tsaya, a ga iya inda nauyinsa ya kai. Randa ya hau, Tsinke ya riƙe masa sirdi. Randa ya zauna da ƙarfi. Ya riƙe numfashi, ya kumbura kumatu, kamar hakan zai ƙara masa wani abu. Ya sauko. Duk su uku suka sunkuya.

Zoben na nan inda aka bar shi.

"Bai ji ba," in ji Tsinke. "Sake hawa, ka yi masa sallama tukuna."

 Zoben Randa yake kallo, zuciyarsa kuwa tana kan dutse, wurin tanki, inda yake zama bayan ya murɗa ƙarfen ruwa yana jin ƙarar gudunsa cikin bututu. In an karɓi mukullin nan me ya rage? Kujerar roba a ƙofar gida, da kwalbar magani, da masu wucewa suna cewa sannu.

Makaniki ya ce a hankali, "Maƙwabcina mai sayen tsofaffin ƙarafa yana da sikeli."

"Ba inda za ni."

"Mu je mana," in ji Tsinke. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka yi kyau a kai sai mu bar ka can, a narka ka a yi cokali biyu."

"Na ce ba za ni ba. Ni ba buhun gwangwani ba ne."

"Buhun gwangwani ai yana motsa allura."

"Tsinke." Muryar Randa ta sauka. "Ko a asibiti ba na kallo. In sun ɗora ni, rufin ɗaki nake duba. Ka bar ni da abin da na sani."

 Sai kawai Tsinke ya kama hannun rigarsa, duka biyun, ta sama da ta ƙasa, ya ja shi waje.

Sikelin na bakin rumfa, tsakanin tulin murafun tukwane da wata matacciyar fanka. Randa ya hau kamar mai hawa gadon fiɗa. Allura ta tashi, ta yi ɗan rawa, ta tsaya.

Sittin da takwas.

"Sikelin nan ya lalace," in ji Randa.

"Da shi nake ciyar da iyalina," in ji mai ƙarfe.

Tsinke ya ture shi ya hau. Sittin da shida. Ya dubi allura, ya dubi Randa. Shekara arba'in yana tara zagin ƙiba, rumbu guda, yau ga shi ba inda zai kai ko ɗaya.

"Ɗan gwaggo," ya ce, "kilo biyu ne tsakaninmu."

"Na gani. Ba sai ka yi shela ba."

"Ka cuce ni. Wa zan riƙa cewa ya shiga mota ta gefe ɗaya ta ɗaga? Wa zan ce tela ya auna shi da igiyar rijiya?"

"Ka je ka nemi wani. Ni na ƙare. Gobe zan kai musu mukullinsu."

"Ka kai wa wa? Ni fa gidana a ƙarshen bututu yake. In suka ba wani mai barcin safe, da me zan yi wanka?"

"Da kofin shayi, yadda ka saba."

Suka koma shago. Randa ya zauna a kan benci, hannayensa a tsakanin gwiwoyi, bai ce a sa ba, bai ce kar a sa ba. Tsinke ne ya ɗauki farin fok ya miƙa wa makaniki. Aka ɗaura, aka hura masa iska daidai sittin da takwas. Da ƙyar Randa ya yarda ya hau.

Gaban keken ya nutsa a hankali, ya dawo. Zoben ya matsa sama kamar faɗin yatsa biyu.

Randa ya fita da keken, ya bi ta kan ɓaraguzan bulo da ke bakin kwata, ya juyo, ya sake bi. Ya tsaya yana buɗe yatsunsa yana rufewa. Suna motsi. Amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Keken yara," ya ce. "Abin da na koma ke nan. Iska ce ke ɗauke da ni."

Makaniki ya ce, "Ai amfaninsa ke nan. In jiki ya dawo, sai a ƙara masa iska. Ba sai an sake saye ba."

Tsinke ya ciro ɗan famfon daga ƙusa, ya yi wa makaniki alamar cewa shi zai biya kuɗin wannan, ya cusa shi cikin aljihun Randa.

"Riƙe. Duk kilo ɗaya da ka ƙara, ka buga sau ɗaya. Ka yi sauri ka cika, don zagina na nan a ajiye yana lalacewa. Kafin nan dai dole mu raba suna. Ni Tsinke Babba, kai Tsinke Ƙarami."

Randa ya taɓa famfon ta saman aljihu. Ya ɗora ƙafa a kan feda, ya dubi Tsinke daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Kada ka haɗa ni da kai. Ni ramata tana da suna a asibiti, tana da kati, tana da magani safe da yamma. Taka fa, me likita ya ce?"

Tsinke ya yi dariya har sai da ya dafa bango. "Ya ce gado ce."

"To ka ga taka ba ta warkewa," in ji Randa, ya taka kekensa ya nufi hanyar dutse.