Tsohon Direba da Matar Cikin Waya

"Da gajiyar hanya kuma? Ko da yake wace gajiya, mota ce ta ɗauko ki, ƙafarki ma da ƙyar take kai birki."

"Lafiya lau, Tsoho. Ka yi barci, ko ka kwana ƙirga haƙoran da suka rage?"

"Na ƙirga, huɗu ne. Sun fi shekarun hankalinki da ɗaya."

Tsohon direban bas ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan mota a layi ɗaya, daga bakin unguwarsu zuwa tashar ƙarshe, ya juyo. Tun da matarsa ta rasu bara waccan yake zaune shi kaɗai, shi da rediyo. Ɗansa ya kafe sai ya koma wurinsu, wani bene hawa na huɗu a can ƙarshen gari, inda ko mai gadi bai san shi ba. Jiya babbar mota ta kwashe kaya. Yau saura shi da jaka ɗaya da tsohuwar hularsa ta aiki. Jikarsa ce aka turo ta ɗauko shi, ma'aikaciyar jinya, wadda tun tana rarrafe yake kira Gajera.

Ya tsaya ya dubi ɗakin. Sawun ƙafafun gado huɗu a ƙasa, ƙusoshi a bango ba abin da suke riƙe da shi, da wani wuri mai hasken fenti inda madubin marigayiya ya yi shekaru. Ya ja ƙofa ya kulle, ya miƙa wa maƙwabci makulli.

A mota Gajera ta ɗaga waya.

"Manhajar taswirar nan ce za ta kai mu. Sau biyu na je sabon gidan, duka Baba ne ya tuƙa."

"Wato ba ki san gidan ubanki ba."

"Ni a asibiti nake kwana ina gyara tsofaffi irinka. Ungo. Abin maƙala ta ya karye, lasifikarta kuma ta sha ruwa, muryar ba ta fita sosai. Ka kara ta a kunnenka mai aiki, abin da ta ce ka faɗa mini. Na ɗauke ka yaron mota."

"Ni? Direban da ko kaza bai taɓa takawa ba?"

"Kajin ne suka san ka. Suna jin ƙarar bas ɗinka suke hawa bishiya."

Ya kara wayar a kunne. Muryar wata mace ce a ciki, siririya, mai sanyi, kamar daga ƙasan rijiya.

"Minti ashirin da biyu ta rubuta," in ji Gajera. "Kafin ka gama tari ɗaya mun isa."

Minti ashirin da biyu. Ya juya maganar a ransa. Ashe iyakar tazarar ke nan.

Da suka doshi shataletale na farko, matar cikin waya ta ce a yi dama. Bakinsa ya ce, "Hagu." Ba da niyya ba. Shekara talatin da ɗaya yana yin hagu a wurin nan, harshe ya riga tunani. Ya buɗe baki zai gyara, sai motar ta karya kwana, titin ya shimfiɗe a gabansa: ga famfon da yake tsayawa ya zuba wa injin ruwa, ga katangar makaranta, an ƙara mata tsawo. Ya rufe bakinsa.

Wayar ta yi wata 'yar ƙara kamar an ƙwanƙwasa cokali a kofi.

"Mene ne wannan?"

"Ta ce tana sake lissafin hanya."

"Tun yanzu?"

"Ai mace ce irinki. Ta ce hagu, ta ga an yi hagu, ta sake shawara."

A mahaɗa ta gaba muryar ta roƙi a juya. Ya ce, "Miƙe." Ƙarar ta sake fitowa. A ta uku ma haka. Gajera ta gangara gefen titi gaban wani shagon walda, ta karɓi wayar ta zuba mata ido.

"Minti talatin da biyar? Muna tafiya gidan yana gudu?"

"Ya ji labarin tuƙinki."

"Bari. Wataƙila ba ta gane inda muke ba." Ta kashe alamar wuri ta kunna. Ta duba data, akwai. Ta cire abin tsimin batir, ta ce shi yake sa waya gyangyaɗi. Sannan ta fitar da hannu ta taga tana juya wayar a iska kamar mai rubuta lamba takwas.

"Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Aljanu kike kora?"

"Saita mata gabas nake yi."

"Wayar da ba ta san gabas ba ita za ta kai ni gida. Mu a zamaninmu matambayi ba ya ɓata."

"A zamaninku titi biyu ne a garin, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa. Ko jaki aka ba bas ɗin zai kai shi."

"Jaki ya nemi aikin, aka ce sai mai tsawo. Kin ga ku biyu kun faɗi."

Ta yi dariya ta cusa masa wayar a hannu, suka hau titi.

Yanzu kam da niyya yake yi, kuma ya sani. Matar ta ce dama, ya ce miƙe. Ta ce a juya, ya ce hagu. Ba ta fushi, ba ta ɗaga murya, sai ta yi 'yar ƙararta ta sake zana wata hanya daga inda ya jefa ta. Har ya fara jin kunyarta. Rabon da wani ya yi masa magana a kunne da haƙuri irin wannan tun marigayiya.

Suka wuce inda mai shayi yake ajiye masa kofi na kansa. Yanzu shagon sayar da caja ne. Suka wuce gidan kwandastansa, wanda aka binne shekara biyar da suka wuce. An yi wa ƙofar koren fenti. Duk wanda ya sani a layin nan ya sauka, shi kaɗai ya rage a mota.

"Tsoho, ka yi shiru. Ta mutu ne, ko kai ne?"

"Muna nan mu biyu. Ta ce miƙe."

Ƙarar ta sake fitowa. Gajera ta bugi sitiyari, ta sake tsayawa, wannan karon gaban kantin magani. Ta kashe wayar gaba ɗaya ta kunna. Ta share tarkacen da manhajar ta tara. Ta sauke taswirar garin cikin wayar, ko da sabis ne ke yankewa tsakanin dogayen gine-gine.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," ya ce.

"Ɗigon nan shuɗi yana daidai inda muke. Ga kantin, ga mu. Ba abin da ya same ta." Ta juyo ta dube shi. "Anya kunnen nan naka ba shi ne mara aikin ba?"

"Kunnen da yake jin kusu yana tari a maƙwabta?"

"Jiya Baba ya kira ka sau shida."

"Na ji. Ubanki ne ba na son ji."

"Ruwa dai ba ya tsami banza."

"Hanyar lafiya a bi ta da shekara, Gajera. Ja mu tafi."

Saura mahaɗa ɗaya. Fitila ta tsayar da su, ja. Ya kara wayar a kunne, fuskar wayar na kallon waje, bai lura gilashin taga ya ɗauki hotonta ba. Da ya waiga sai ya gani: ƙatuwar kibiya fara, ta lanƙwasa dama, kwance a gilashi. Ya ga idon Gajera a kanta. Ta dubi kibiyar, ta dube shi, ta mai da ido kan titi.

"Me ta ce, yaron mota?"

Ya ji muryar tana cewa dama, a hankali, sau biyu.

"Hagu," ya ce.

Fitila ta koma kore. Na baya ya danna hon. Gajera ta sa sigina ta yi hagu.

Suka bi titin har ya ƙare. Tashar ƙarshe ta zama wurin masu faci, tayoyi jibge har saman katanga. An sare bishiyar da ke yi wa wurin inuwa. Amma bencin siminti yana nan, gefe ɗaya ya ɓalle. Ta kashe mota ba tare da ya ce ta tsaya ba.

Ya fita a hankali, ya je ya zauna a ƙarshen bencin ta dama, ya bar sauran wurin. Gajera ta zo ta tsaya.

"Nan ne ina?"

"Nan kakarki take jira na. Sha biyu da rabi, da kwano a ɗaure cikin tsumma. Minti goma sha biyar ake ba mu. Ta hau bas ɗin da ke gabana ta zo, ta hau bas ɗina ta koma." Ya shafa simintin. "Kullum sai ta ce na cika taka birki."

"Ashe ba ni na fara raina tuƙinka ba."

"Ke ba ki da bakin magana. Ɗazu kin kusa aske wa mai keke gemu."

Ta zauna a wurin da ya bari. Wani mai faci ya ɗago ya dube su, ya ga ba taya suka kawo ba, ya koma kan aikinsa. Tsohon ya so ya ce wa mutumin shi ne direban layin nan, sai ya ga ba amfani.

"Awa ɗaya da kwata," in ji Gajera. "Na zagi wayata, na zagi kamfanin, na yi rawa da hannu a titi mutane suna kallo. Ashe ɓarawon yana cikin mota, har na ɗaura masa bel."

"Na farkon kuskure ne."

"Sauran goma sha ɗayan fa?"

"Kin ƙirga?"

"Aikina ke nan, ƙirga bugun zuciyar maƙaryata. Me ya hana ka ce in biyo da kai?"

Ya dubi tayoyin.

"Da kin ce Baba yana jira. Kuma gaskiyarki ne. Can sama ba titin da na sani, Gajera. In na leƙa taga, rufin gidajen mutane zan gani."

Ta karɓi wayar daga hannunsa, ta sunkuya tana dannawa.

"Kuma me ya lalace?"

"Yanzu na gano cutar, magani nake rubutawa. Ita ba ta ƙi a bi ta ko'ina ba, so take a gaya mata gaskiya tun farko. Ga wurin ƙara zango. Famfo, ɗaya. Shagon caja, biyu. Koriyar ƙofa, uku."

"Wa ya ce miki koriyar ƙofa?"

"Wuyanka ya kusa karyewa a wurin. Benci, huɗu. Na adana. Ranar hutuna Laraba ce. In ka yi wanka, in zo in ɗauke ka mu bi layin, ba mai sake lissafi."

"In ban yi ba fa?"

"In ɗaure ka a saman mota, iska ta yi aikinta."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba, har ta koma tari. Ya goge ido da bayan hannu. Ya cire hular aikin, wadda rana ta cinye launinta, ya kifa mata a kai. Ta zurma har kan hancinta.

"Kin ci, Gajera. Na sauka daga kujera. Amma ki sa tsumma a ciki, kan naki bai kai na direba ba."

"Warin shekara talatin da ɗaya," ta ce daga ƙarƙashin hular. Ba ta cire ba.

Suka koma mota. Ya kara wayar a kunne. A bakin titi ta tsaya, ta tura hular baya ta dube shi.

"Me ta ce?"

"Ta ce dama."

"Kai fa?"

Ya waiga ya dubi bencin sau ɗaya.

"Dama," ya ce. "Amma a hankali, kin cika taka birki."